Abin da Ya Toshe Iskar Jif Ɗinmu

Shekara talatin da ɗaya mijina ya yi yana gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya cikinta. A gareji ba mai kiransa da sunansa, Ƙanƙara kowa ke ce masa, har masu kawo motoci. Ni Baban yara nake ce masa. Shi kuma Sufeto yake kirana, wai don ba aljihunsa da ya taɓa tsira daga hannuna ranar wanki. Allah ya ji ƙansa, watansa tara ke nan da rasuwa.

Ciwon da rama ya fara. Sai ƙin abinci, sai farin idonsa ya koma rawaya, daga baya ciki ya kumbura har ba ya iya sunkuyawa ya sa takalmi. Asibitin unguwarmu suka tura shi babban asibiti, tafiyar awa biyu da rabi daga gida. Da farko shi kaɗai yake tuƙa kansa ya je ya dawo. Da ƙarfi ya ƙare sai Auta ta karɓi tuƙi. Ita ce ƙaramarmu, malamar makaranta ce, shi ya koya mata mota da kansa. Duk bayan mako biyu muke zuwa a zuƙe masa ruwan cikin. Shi a gaba an kwantar masa da kujera, ni a baya da gorar ruwa da roba saboda amai.

Amma wurin likita shi kaɗai yake shiga. Sai ya ce, "Ku jira ni a benci, ba daɗewa zan yi ba." In ya fito magana ɗaya ce kullum: "Ya ce da sauƙi. Hanta ce ta gaji, hutu take so." In na ce ina takardar gwajin, sai ya ce tana wurinsu cikin fayil. Na duba aljihunsa, na duba jakarsa, na ɗaga katifa, na zazzage akwatin kayan aikinsa. Ban da takardar magani ban ga komai ba. Ni dai ina ganin mutum yana ƙarewa a gabana, bakinsa kuma yana cewa da sauƙi.

Babban ɗanmu, wanda ubansa ke kira Injiniya, yana aiki a wata masana'anta a ƙasar waje. Sau ɗaya ake ba su hutu a shekara. Ya kira ni ranar wata Asabar ya ce, "Mama, an ce kowa ya rubuta lokacin hutunsa kafin Alhamis. Ko in ɗauka yanzu, ko sai ƙarshen shekara, wata bakwai nan gaba. Baba ya ce in zauna in yi aikina, wai ƙarshen shekara shi da kansa zai zo filin jirgi ya ɗauko ni. Ke ce kike ganinsa. In taho?"

In na ce taho, ya zo ya tarar ciwo ne mai tafiya, ya ƙona hutunsa, uban kuma ya ce na mai da shi gawa da ransa. In na ce zauna, wata bakwai ba kwana bakwai ba ne. Na ce, "Ka ba ni zuwa Laraba."

A cikin wannan halin ne esin jif ɗinmu ya lalace. Tsohuwar mota ce, baƙa, amma sanyinta ba na wasa ba ne. Da can in muka yi tafiya sai na ƙudundune cikin mayafi ina roƙonsa ya rage. Wajen wata biyu ke nan sanyin yana ja da baya kaɗan-kaɗan, ba wanda ya tanka saboda hankalin kowa na kan mai ciwo.

Ranar Litinin muna dawowa daga asibiti da rana tsaka muka faɗa cunkoso a bakin wata gada, tirela ce ta mutu a gaba. Auta ta murɗa fankar esin har ƙarshe. Ƙara dai kamar injin niƙa, amma abin da ke fitowa bai fi numfashin jariri ba. In an rufe gilashi zafi, in an buɗe hayaƙin manyan motoci. Baban yara ya jiƙe sharkaf, yana numfashi da baki. Na yage kwalin magani ina yi masa fifita ta tsakanin kujeru.

Auta ta ce, "Baba, wallahi abin kunya ne. Motar Ƙanƙara guda ana dahuwa a ciki. Bari in ɗauki hoto in tura wa 'yan garejinku."

"Tura. In sun zo sai su ga inda kika goge min gefen mota a ƙofar gida."

"Ƙofar ce ta matso."

Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. Da ya lafa sai ya ce, "Gas ne ya ragu. Gobe a kai wa Dogo a gareji ya ƙara."

Sai na ji hannuna ya tsaya da fifitar.

Shekara shida na farkon aurenmu a ɗakin da ke bayan gareji muka zauna, katanga ɗaya ce tsakanina da wurin aikinsa. Ban yi nisa a makaranta ba, a aji huɗu na tsaya, amma abin da na ji safe da yamma ina wanke-wanke yana nan daram a kaina. Duk wanda ya zo koyon aiki, abin da yake fara gaya masa ke nan: "Kafin ka taɓa sifana, kai bayan hannunka bakin iska. Tambaya ɗaya ce. Iska ce babu, ko sanyi ne babu? In iska na fitowa da ƙarfi amma da ɗumi, to nemi gas, nemi kwamfaresa, duba fankar gaba. In kuwa iskar ce 'yar kaɗan, kar ka wahal da kanka a gaban mota. Wani abu ne ya tare mata hanya a ciki, filta mai tace iskar za ka fara dubawa." Masu fara ƙara gas kafin su duba komai kuwa, 'yan ɗura yake ce musu. Ya tsane su. Ya taɓa korar wani daga gareji a kan haka.

Na miƙa hannu ta gefen kafaɗar Auta na kai bakin ramin iskar. 'Yar iskar da ke fitowa sanyi gare ta kamar daga firji. Sanyi akwai. Iska ce babu.

Na ce, "Baban yara, anya ba filta ba ce?"

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Sufeto, yau kuma kanikanci aka koma? Ki bar min aikina, ni ban taɓa shiga miki kicin ba."

Washegari na ɗauka Auta kaɗai za ta kai motar in ta taso daga makaranta. Sai ga shi ya sa riga yana neman hula. Mutumin da ya yi wata biyu ban da asibiti ba inda yake zuwa. Na ce ya kwanta, Dogo ai ba baƙo ba ne. Ya ce motarsa ce, a gabansa za a taɓa ta. Na yafa mayafi na ce to ni ma ina zuwa.

Garejin na nan yadda na san shi, rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi da mai, tulunan gas a jere jikin bango, ga bencin katakon da ya fi Auta shekaru. Dogo ya taso da gudu yana goge hannu. Gajeren mutum ne, shi ya sa ake ce masa Dogo. A hannun mijina ya koyi aiki, suka yi shekara ashirin da biyar tare, yanzu shi ke riƙe da wurin.

"Maigida da kansa! Yau gareji ya yi albarka. Maman Injiniya, sannu da ƙoƙari. Auta, har yanzu ba a ƙwace lasin ɗin ba?"

"Kawu Dogo, kai dai ƙafarka ta fara kaiwa birki tukuna."

Baban yara bai sauko ba, ya zauna a kujerarsa da ƙofa a buɗe. Ya ce, "Gas za ka ƙara mata."

Dogo ya ɗan dube shi. Ya ɗaga bonet, ya ɗauko agogon awon gas, mai fuska biyu, shuɗiya da ja, ya ɗaura a jikin bututu. Auta ta tayar da mota. Ya tsaya yana kallon allurar.

"Maigida, gas ɗinka cike yake. Ko ɗigo bai ragu ba."

"Agogonka ne ya tsufa."

Dogo ya je ya ɗauko wani sabo a cikin kwali ya sake ɗaurawa. Abu ɗaya ya nuna. Ya kai hannu ya taɓa babban bututun, ya janye da sauri yana dariya. "Kai! Zo ka gani, har ƙanƙara ya yi. Sunanka ne ya fito a jikinsa."

Ban da Auta ba wanda ya taya shi dariya.

Baban yara ya ce, "To wanke ragar gaba, ƙila datti ne."

Dogo ya jawo tiyo ya wanke. Ban da 'yan ganye da matattun ƙwari ba abin da ya fito.

"Fankar gaba tana juyawa?"

"Tana juyawa, Maigida."

"Saurari kwamfaresa. Tana kamawa?"

Muka kasa kunne. Can sai ta yi ƙas, ta kama, bayan ɗan lokaci ta saki, ta sake kamawa. Ko ni na san haka mai lafiya take yi. Awa guda cur yana aika Dogo nan da can a gaban mota, Dogo na yi ba musu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Daga ƙarshe ya ajiye tiyo, ya zagayo wajen ƙofar da mijina yake, ya durƙusa.

"Ɗan janye ƙafarka in sauke durowar nan in ga filta."

Sai Baban yara ya tokare durowar gaban da gwiwarsa.

"Na canza ta da hannuna."

"Yaushe? Ka san ƙurar hanyar nan..."

"Na ce na canza! Yau kai za ka koya min aiki?"

Ban san yana da sauran murya irin wannan ba. Har mai walda na maƙwabta ya kashe wutarsa ya leƙo. Shekara ashirin da biyar ban taɓa jin ya ɗaga wa Dogo murya a gaban mutane ba. Dogo ya miƙe a hankali ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Maigida."

Mijina ya jingina kai yana haki. Ya ce, "Kwamfaresa ce ta gaji. A nemo wata. Ba sauri."

Dogo ya zagaya bayan rumfa wajen famfo zai wanke hannu. Na ce wa Auta ta ba ubanta ruwa, na bi shi.

"Dogo, tsakaninka da Allah."

"Maman Injiniya, don Allah kar ki sa ni a tsakiya."

"Ba a tsakiya na sa ka ba. Mota na tambaye ka."

Ya daɗe yana murza sabulu. Sannan ya ce, "Kwamfaresar nan ta fi ni lafiya. Bututu ba ya ƙanƙara haka sai in sanyin ya rasa hanyar fita ya taru a ciki. Iska ce ba ta wucewa. Kuma ya fi ni sani, shi ya koya min."

"Yaya ake sauke durowar?"

Ya leƙa ta gefen rumfa, ya ga ba mai kallonmu. Ya ɗaga hannuwansa biyu da kumfa a jiki ya kwatanta min. A buɗe ta, a kwashe kayan ciki, a matsa gefe da gefe zuwa ciki da ƙarfi, za ta faɗo da kanta. A bayanta akwai raga inda iska ke shiga, a ƙasan ragar akwai dogon murfi, filtar na ciki. Ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Ranar Laraba da safe Auta ta tafi makaranta a motar haya. Na ba shi magani, wajen ƙarfe goma barci ya ɗauke shi. Na je ƙusar da muke rataye makullin mota, babu. Na dawo ɗaki na tsaya a kansa ina kallonsa. Ƙasusuwan fuskarsa duk sun fito, bakinsa a ɗan buɗe. Na zura hannu a hankali ƙarƙashin matashin. Yana nan.

Motar na tsakar gida, rana ta gasa ta. Na shiga na zauna a kujerarsa, duk warin man zafin da nake shafa masa. Na buɗe durowa na kwashe abin da ke ciki, takardun mota, sukundireba, 'yan fiyus a cikin kwalbar magani, da tsumma. Na matsa gefe da gefe, ta ƙi. Na sake matsawa har farcena ya karye, sai ta yi ɓaras ta faɗo kan gwiwata.

Na leƙa. Farar leda ce shimfiɗe a kan ragar, ta rufe ta ruf, fanka ta zuƙe ta har zanen ragar ya fito a jikinta. Ɗan gefe ɗaya kawai ya rage inda iska ke samun wucewa. Na kama bakinta na ja. Da nauyi kaɗan. A ciki akwai ambulan mai ruwan ƙasa da hatimin babban asibiti.

Na buɗe murfin na zaro filtar ma. Fara fes, sabuwa. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Takarda biyu ce a cikin ambulan ɗin. Rubutun likitoci ban iya shi ba, amma na iya lamba. Na ga kwanan wata a sama, wata uku da mako ɗaya da suka wuce, lokacin da yake zuwa shi kaɗai. Na ga sunansa. Na ga wata kalma doguwa da aka ja wa layi biyu da biro. Na daɗe ina kallonta kamar in na matsa mata za ta yi magana.

Na yi tunanin in jira Auta. Na yi tunanin in kai wa mai kemis na bakin titi. Sai na ji ba na so in ji wannan magana a bakin kowa, kuma ba na so 'yata ta karanta ta ita kaɗai a tsaye a gabana.

Ban iya mota ba, amma na san yadda ake murɗa makulli. Na miƙa hannu na murɗa. Injin ya tashi, sai iska ta bugo ni a fuska da ƙarfin da na manta tana da shi, har takardun suka tashi daga cinyata na dafe su. Kafin minti biyu sanyi ya cika motar. A nan kuka ya zo min. Tun da ya fara ciwo ban yi irinsa ba.

Ƙarar injin ce ta tashe shi. Na ɗago na gan shi a ƙofar ɗaki yana dafe da bango, ba hula, ba takalmi. Ya dubi durowar da ke reto, ya dubi abin da ke hannuna. Na fito na kama shi na zaunar da shi a kujerarsa, na rufe ƙofa. Na zagaya na shiga wajen direba, inda ban taɓa zama ba a rayuwata.

Abin da ya fara yi shi ne ya kai bayan hannunsa bakin iska. Hannun ne ya saba.

Ya ce, "Ta gyaru."

Na ce, "Ta gyaru."

"Dogo ne?"

"Kai ne. Ta katanga na koya a wurinka."

Ya ɗauki ledar daga ƙasa yana juya ta, yana girgiza kai. "Leda. Shekara talatin ina yi wa mutane faɗa kan cusa leda a durowa. Ranar da na canza filta na ɗora ta can sama a lungu, na ce ba abin da zai motsa ta. Ramukan hanyar asibiti ne suka zamo da ita."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da iskar ta fara raguwa. Sau biyu na gwada in ciro ta, cikin nan ya hana ni sunkuyawa. Ke kuma ba kya barin mutum shi kaɗai ko na minti biyar."

"Ka gwammace ka dahu a mota. Ka gwammace ka ci mutuncin Dogo a gaban mai walda."

Na ɗora masa takardun a cinya.

"Karanta min."

"Sufeto..."

"Yau ba wasa na zo yi ba. Karanta min da bakinka, yadda zan gane."

Bai ko dubi takardar ba. Gilashin gaba yake kallo. Ya ce, "Daji ne. A hanta. Ya bazu."

"Magani fa?"

"Ba na warkewa. Zuƙar ruwan nan don in samu numfashi ne kawai."

"Nawa suka ce?"

"Ai ba su ne Allah ba."

"Na sani. Nawa suka ce?"

"Wata huɗu zuwa shida."

Na ƙirga da yatsuna daga kwanan watan da ke kan takardar. Na ƙirga sau biyu. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce wata uku ina tsaye a kanka da cokali ina yi maka faɗa ba ka cin abinci, ina cewa kai ke hana kanka warkewa. Wata uku ina hana 'yan'uwanka zuwa wai kana bukatar hutu. Ɗana yana tambayata ina ce masa ya jira. Na ce wa ya ba ka wannan ikon? Kai ba naka ba ne kai kaɗai.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ranar da na karɓo ta, na shigo na same ki kina shanya kina 'yar waƙarki. Na tsaya a nan inda motar nan take, na ce bari sai gobe. Kullum sai in ce gobe." "Ba na so a riƙa kallona a gidana kamar an riga an gama. Kuma yaron nan na san shi. In ya ji, zai watsar da aikin ya taho, shekara nawa ya yi yana nema."

"Aikin nasa ne. Uban ma nasa ne. Shi zai zaɓa."

Na ciro waya daga bakin zanina na danna lambar Injiniya. Ya ɗauka, ana jin ƙarar injuna a bayansa.

"Mama? Lafiya? Bari in fita waje."

Na ce, "Ga babanka." Na sa a lasifika na miƙa masa.

"Injiniya, ya aiki?"

"Lafiya lau, Baba. Ya jikin?"

"Jiki... to. Ya sanyi a wajenku? An ce bana da sanyi."

Na miƙa hannu zan karɓe wayar. Sai ya riƙe min wuyan hannu. Ba ƙarfi a riƙon, yaro ma zai ƙwace, amma na tsaya.

Ya ce, "Takardar hutun nan. Ka rubuta yanzu. Ka taho."



"Baba?"

"Ka taho, ɗana. Kar ka jira ƙarshen shekara. Ba zan iya zuwa filin jirgin ba."

Na ji yaron ya ja numfashi. Bai tambayi komai ba. Ya ce, "To, Baba. Yanzu zan shiga ofis."

Da Auta ta dawo, shi ya kira ta ɗaki ya gaya mata da kansa, ni ina bakin ƙofa. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta fito ta ɗebi bokiti ta hau wanke motar da ba ta yi datti ba, ta wanke ta har sau biyu. Da yamma ya sa aka kira masa Dogo ya ba shi haƙuri. Dogo ya zauna a ƙasa kusa da gado yana ta cewa ba komai, Maigida, ba komai, yana share ido da hularsa.

Kwana goma sha shida aka ɗauka kafin Injiniya ya samu ya iso. Ya tarar da ubansa da rai, da hankalinsa. Shi ya riƙa yi masa aski, shi ke ɗaukarsa ya kai shi banɗaki, shi ke juya shi a gado. Kwana goman farko sun yi hira sosai, suna rufe ƙofa ina jin dariyarsu. Daga nan magana ta fara yin wuya. Ranar kwana na ashirin da uku da zuwansa, da hantsi, ya cika, kansa a kan cinyar yaron.

Kafin maganar ta ɗauke ya roƙe ni in yafe masa. Na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. Masu zuwa gaisuwa da suka ji labarin suna ta ce min ƙauna ce ta sa ya ɓoye, ni ma ban ce ba ita ba ce. Amma akwai ranakun da ina zaune haka kawai sai in tuna wata ukun nan, in tuna irin faɗan da na yi masa a kan abinci, sai raina ya ɓaci ƙwarai. In tashi in shiga ɗaki da magana a bakina, in tarar ba wanda zan yi wa.